Inda Ake Samun Kifin Tirawut a Tsakiyar Hunturu: Jagora ga Mai Fatsar Kwaron Bogi

Wanda ya taso yana ganin masunta a bakin kogin Argungu ko Yawuri zai yi mamaki idan aka ce masa akwai mutanen da ke tsayawa cikin ruwa har gwiwa a watan Janairu, dusar ƙanƙara na sauka musu a kafaɗa, suna jefa ƙugiyar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Kuma in sun kama kifin, su sake shi. Amma haka abin yake a jihohin Amurka masu duwatsu, kuma kifin da suke nema, tirawut, yana cin abinci ko da sanyi ya kai inda ya kai. Wannan jagora ta wanda ya sami kansa a can ce, ɗalibi ne ko ma'aikaci, kuma yake son gwada wannan sana'ar ta nishaɗi a lokacin da yawancin mutane suka rufe ƙofa suka kunna hita.

Da farko a san me ake nufi da fatsar kwaron bogi. Ba a sa tana ko wani koto na gaske. Ana ɗaure gashin tsuntsu da zare da ɗan siririn waya a jikin ƙugiya har ta yi kama da kwaron da kifin ya saba ci. Da yake wannan kwaro ba shi da nauyin da za a iya wurga shi, igiyar ce ake yi mai kauri da nauyi, ita ke ɗaukarsa ta kai shi. A bakin igiyar akwai siririn zare mai kama da ruwa wanda kifi ba ya gani sosai.

Mataki na farko: nemi ruwan da ya fi ɗumi, ko da digiri biyu ne

Duk jagorar nan a kan wannan ta tsaya. Zafin jikin tirawut na ruwan da yake ciki ne. Ya fi kuzari idan ruwa yana tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyos. Idan ya sauka ƙasa da digiri 4, jikinsa ya yi sanyi, narkewar abinci ta yi nawa, ba ya son bin komai da gudu. Yana ci, amma sai abin da ya zo masa har baki. Saboda haka kogin da ke digiri 6 da wanda ke digiri 1 ba ɗaya ba ne, ko da suna cikin kwari guda tsakanin duwatsu. A na farko za ka iya yini kana kamu, a na biyu za ka yini kana kaɗa haƙora.

Ka sayi ɗan ma'aunin zafin ruwa ka rataya a wuya. Kuɗinsa bai kai na abincin rana ba, kuma ni dai na fi ganin amfaninsa a kan sanda mai tsada.

Ruwa iri biyu ne ke riƙe ɗumi a hunturu.

Na farko shi ne kogin da ke fitowa daga gindin babban dam. Dalilin yana cikin ɗabi'ar ruwa: ya fi nauyi idan yana kusan digiri 4, don haka a hunturu ruwan da ya fi wannan sanyi yana tasowa sama ya daskare, mai digiri 4 kuma ya kwanta a ƙasa. Dam ɗin da ke sakin ruwa ta ƙasa, wannan ruwan na ƙasa yake fitarwa. Shi ya sa za ka ga saman tafki ya zama ƙanƙara, mutane na tafiya a kai, amma kogin da ke ƙasan dam yana gudu yana tururi da safe. Kwari suna rayuwa a cikinsa duk shekara, kifi kuma ba ya daina girma.

Misalan da suka yi suna su ne kogin San Juwan a ƙasan dam ɗin Nabaho a arewacin jihar Niyu Meziko, dam ɗin da aka kammala a 1962. Kogin Bighon a ƙasan dam ɗin Yalotel kusa da ƙauyen Fot Simit a Montana. Kogin Girin a ƙasan dam ɗin Filemin Goj a Yuta, inda mil 7 na farko daga dam zuwa wani wuri da ake kira Litil Hol suka fi shahara. Da kogin Sawut Filat a Kolorado, musamman kwazazzabon Cisman da yankin Dekas, waɗanda mutumin birnin Denba zai iya zuwa ya dawo a yini guda. A Kolorado ɗin dai akwai kogin Firayin Fan a ƙasan tafkin Rudai, inda wasu ƙananan jatan lande farare ke fitowa ta bututun dam, kifin da ke bakin wurin ya yi ta ci har ya yi tumbi. Wanda ba ya son sanyin duwatsu sai ya gangara kudu, jihar Akansas, zuwa kogin Wayit a ƙasan dam ɗin Bul Sholz. A jihar nan ne, a kogin Litil Red, aka kama wani tirawut na nau'in mai launin ruwan ƙasa a 1992 mai nauyin fam 40 da ɗoriya, kimanin kilo 18, wanda ya daɗe yana riƙe da kambin duniya.

Abin lura shi ne ɗumin gindin dam ba ya tafiya da nisa. Kowane mil da ruwan ya yi a fili, iska na ƙwace masa zafi. A rana mai tsananin sanyi ka tsaya kusa da dam. Idan ka gangara ka fara ganin ƙanƙara tana yawo a saman ruwa kamar kunun da ya yi gudaji, ka wuce wurin, koma sama.

Iri na biyu shi ne rafin da ke fitowa daga maɓuɓɓuga. Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san rani ba bai san hunturu ba, zafinsa yana kusa da matsakaicin zafin shekara na yankin. A kwarin Faradayis kusa da garin Libinston a Montana akwai irin waɗannan rafuka da ke fitowa da kusan digiri 11, suna bi ta gonakin mutane, ana biyan kuɗin shiga na yini, kuma kuɗin hunturu ya fi na bazara sauƙi. A Fensilbeniya akwai rafukan da ke fitowa daga farin dutse, irin su Letot a garin Kalayil. Sai kuma yankin da Wiskonsin da Minesota da Ayowa suka haɗu, mai cike da ƙananan rafukan maɓuɓɓuga. Alamar irin wannan ruwa ba ta ɓuya: koriyar ciyawa a cikin rafi alhali ko'ina fari fat, da gaɓar da babu ƙanƙara a jikinta.

Kogin da ruwan sama da narkewar ƙanƙara kaɗai ke ciyar da shi, shi ne zaɓi na ƙarshe. Ana samun kifi a ciki, amma sai bayan kwana biyu ko uku na sassauci, kuma sai ka dace da gurbi mai zurfi ko inda wani idon ruwa ke shigowa daga gefe.

Mataki na biyu: doka da yawan ruwa, kafin ka tayar da mota

Kowace jiha tana da lasisinta na kamun kifi, ana saye ta intanet, wasu kuma suna ƙara wani izini na tirawut daban. Ba kowane kogi ke buɗe a hunturu ba. Ayowa tana barin rafukanta a buɗe duk shekara, Wiskonsin kuwa tana da lokaci na musamman da ke farawa a Janairu, na kama-ka-saki kawai, ba da koto na gaske ba. A kogin Wayit, yankin da ke daf da dam ɗin Bul Sholz yana rufe daga 1 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu saboda kifi na ƙwai. A sashen sama na San Juwan dole ƙugiyarka ta zama marar ƙayar baya, kuma duk abin da ka kama ka mayar. Wanda ke Ingila ya sani cewa kogunan tirawut mai ruwan ƙasa a rufe suke a hunturu, sai dai ya nufi tafkunan da ake zuba kifi a ciki.

Sannan ka duba yawan ruwan da ake saki. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka tana da ma'aunai a manyan koguna, tana wallafa adadin a shafinta, wasu ma har da zafin ruwan. Wannan ya fi muhimmanci a dam ɗin da ke ba da wutar lantarki. A kogin Wayit, da an kunna injina ruwa na iya tasowa da sauri har ya rutsa da wanda ke tsakiya. Ka sa ido a kan wani dutse a gaɓa. Da ka ga ruwa ya fara rufe shi, fita, kada ka ce bari in yi jifa ɗaya.

Mataki na uku: kada ka yi sammako

Wannan ne daɗin kamun hunturu. Sammakon da ake yi wa bazara a nan asara ne. Ruwa ya fi sanyi da asuba, yana ɗan ɗumama daga hantsi, ya kai ƙololuwa bayan azahar. Ka yi karin kumallo a natse, ka isa bakin ruwa wajen ƙarfe 10 ko 11, ka yi aiki zuwa ƙarfe 3. Da inuwar dutse ta rufe kwarin, an gama. Sau da yawa duk kamun yini a cikin awa ɗaya da rabi yake faruwa, lokacin da ma'auni ya nuna ruwa ya hau da digiri ɗaya.

Akwai tarko guda da ke cin sababbi. Rana ta fito tarwai, iska ta yi ɗumi, mutum ya ce yau ce ranar. Ashe dusar da ke gaɓa ta narke ta kwarara cikin kogi, ruwan ya ƙara sanyi, kifi ya rufe baki. Ranar da ta fi ita ce mai gajimare, marar iska, wadda zafinta ke ɗan sama da sifili, musamman in daren da ya gabata bai yi tsanani ba.

Mataki na huɗu: ina kifin yake kwance a cikin kogin?

Ka zo kogin da ya dace a lokacin da ya dace, amma kaso mafi yawa na ruwan da ke gabanka babu kifi a ciki. A bazara tirawut yana warwatse, har cikin ruwa mai gudu a kan tsakuwa. A hunturu ba ya iya biyan kuɗin wannan gudun, abin da zai kashe na ƙarfi ya fi abin da zai samu. Sai su taru, wani lokaci da yawa a wuri ɗan ƙarami, inda ruwa ke tafiya kamar tafiyar dattijo zuwa masallaci: ba ya tsaye, ba ya sauri.

Ga inda nake fara dubawa. Inda ruwa mai gudu ya faɗa gurbi, kada ka tsaya a kan gurbin inda yake kumfa. Sauka kaɗan zuwa tsakiyarsa, inda ya yi zurfi ya lafa, launinsa ya koma kore mai duhu. Zurfin da ya kai ƙugu zuwa ƙirji ya isa. Bayan nan, layin da ruwa mai sauri ya haɗu da mai tafiya a hankali, wanda kumfa ke bi a jere: abinci na biyo mai saurin, kifi na kwance a gefen mai natsuwar yana tsinta. Sai cikin kwanar kogi, da bayan manyan duwatsu, da ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya ƙwaƙule, da inda ruwa ke juyawa baya yana kewaye. A irin wannan majuyi kifin yakan fuskanci wajen da kogin ke gangarawa, domin ta nan ruwan ke zo masa, kuma wanda bai lura ba sai ya tunkare shi gaba da gaba. Kifi na ganinka, mai jar koma. Ruwan hunturu ƙasa yake kuma garau, don haka ka sa tufafi marasa haske, ka tafi a hankali, kada inuwarka ta faɗa kan gurbin.

Idan rana ta yi tsaka kuma kwari sun fara tashi, wasu kifayen kan matsa zuwa wutsiyar gurbi ko gefen ruwa marar zurfi da rana ke duka. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa zai nuna maka su.

In ka kama ɗaya, kada ka gusa. Inda ɗaya yake, akwai 'yan uwansa.

Wuri ɗaya kuma ba a takawa. Tirawut mai ruwan ƙasa yana ƙwai daga Oktoba zuwa Disamba, macen tana share tsakuwa da wutsiya ta binne ƙwan, su kwana a nan har ƙarshen hunturu. Za ka ga wurin ya yi fes, ya fi kewayensa haske, faɗinsa kamar faifai ko tabarmar sallah, galibi a ruwa marar zurfi. Kewaye shi. Takunka ɗaya na iya murƙushe ƙwai masu yawa.

Mataki na biyar: abin da za ka ɗaura, da yadda za ka kai shi

Abincin hunturu ɗan mitsitsi ne. Yawancinsa tsutsar wani kwaro ce mai kama da sauro amma ba ya cizo, wanda ke ƙyanƙyashewa ko a tsakiyar sanyi. Don haka ƙugiyoyinka za su kasance masu lamba 18 zuwa 24. A wannan lissafi, girman lamba ƙanƙantar ƙugiya. Wanda aka fi sani shi ne Zebra Midge, baƙin zare ne kawai da farin waya da ɗan dutsen ado a kai. Ka riƙe shi baƙi da ja. Ka ƙara da Pheasant Tail ƙarami, wato kwaikwayon tsutsar kwaron ruwa da ake ɗaurawa da gashin wutsiyar tsuntsu, da kwaikwayon ƙwan kifi mai ruwan goro, da jar tsutsa wadda aka raɗa wa sunan kogin San Juwan. A Bighon da rafukan maɓuɓɓuga, inda ciyawar ruwa ke da yawa, kwaikwayon wasu ƙananan halittu masu kama da jatan lande, toka-toka ko ruwan hoda, yana aiki ƙwarai.

Sanda mai tsawon ƙafa 9, mai ɗaukar igiya mai nauyin lamba 4 ko 5, ta wadatar. Zaren baki kuwa siriri, mai lamba 5X ko 6X, nan ma girman lamba sirantar zare. Ka ɗaura ƙwai ko tsutsa a sama don jan ido, ka ɗaura ƙaramin kwaron a ƙasansa da tazarar kamu ɗaya, in doka ta yarda da biyu. Sama da su ka matse ƙwayar nauyi, can sama kuma ka sa alama mai yawo a saman ruwa, ta ulu ko ta roba, a nisan da ya kai zurfin ruwan sau ɗaya da rabi.

A nan ne mutane ke faɗuwa: zurfi. Kifin yana manne da ƙasa kuma ba zai taso ba. Idan ƙugiyarka ba ta taɓa ƙasa lokaci-lokaci, a saman kansa take wucewa. Kafin ka canza kwaro, ƙara nauyi ko ka matsar da alamar sama. Na taɓa shafe fiye da awa biyu a gurbi guda ina canza kwaro bayan kwaro da yatsun da suka ƙi lanƙwasuwa, ina zargin kogin da rowa. Wani dattijo da ke gefe ya ce in ƙara ƙwayar nauyi ɗaya. A jifa na uku alamar ta nutse.

Ka jefa sama da inda kake zaton kifin, ka gyara igiyar don kada ruwa ya ja ta, ka bar kwaron ya biyo ruwa da saurin ruwan, kamar ba a ɗaure yake ba. Cizon hunturu ba fizga ba ne. Alamar za ta ɗan tsaya, ko ta karkata, ko ta yi kamar ta yi tuntuɓe. Ɗaga sanda a hankali duk lokacin da ka yi shakka. Kuma ka maimaita layi guda sau goma ko ashirin kafin ka matsa taku ɗaya, domin kifin da ba zai motsa kamu guda ba sai ka kai masa har ƙofa.

Idan ka ga ƙananan zobba suna buɗewa a saman ruwa mai laushi, kifi na tsintar kwari a sama ke nan. Cire nauyi da alama, ka ɗaura Griffith's Gnat lamba 20, wanda ke kama da tarin kwarin da suka cure wuri ɗaya. In kuma komai ya ƙi, babban Woolly Bugger, kwaron bogi mai gashi buzu-buzu mai kama da ɗan kifi, da ake ja a hankali ta ƙasan gurbi kan fito da ƙaton da bai damu da ƙananan abubuwa ba.

Ƙanƙara za ta toshe zobban da igiya ke bi ta ciki a jikin sandarka. Kada ka ɓalle ta da ƙarfi, zoben ko bakin sandar na iya karyewa. Tsoma sandar cikin ruwa ka girgiza, sannan ka rage tsawon jifa don jiƙaƙƙiyar igiya ta daina kai da komo.

Mataki na shida: ka koma gida da ranka, kifin ma ya koma da nasa

Hunturun da muka sani na buji da tsagewar leɓe ba shi ne wannan ba. Kada ka sa auduga a jikinka, ko singileti ko safa, domin in ta jiƙe da gumi ba ta bushewa kuma tana zuƙe ɗumi. Ulu ko yadin roba a ciki, mai kauri a tsakiya, mai tare iska a waje. Wandon shiga ruwa dole a ɗaure shi da bel a ƙugu, don in ka faɗi kada ya cika. Takalmi ya zama da sarari. Safa biyu a matsattsen takalmi sun fi safa ɗaya sanyaya ƙafa, don jini ba ya zagayawa. Tafin takalmi na roba ya fi na tsumma, wanda dusa ke manne wa har ka koma kamar mai tafiya kan turmi, kuma wasu jihohi sun ma hana shi. Safar hannu saiti biyu, saiti ɗaya a aljihu a bushe, da ɗan tawul.

Kada ka shiga ruwan da ya wuce gwiwa in ba dole, kuma kada ka taka ƙanƙarar da ta yi rumfa a gaɓa, ƙarƙashinta ruwa ne mai gudu. Ka ajiye busassun kaya cikakku da fulas ɗin shayi a mota, kada kuma ka yi nisa da motar. In ka faɗa ruwa, kamun ranar ya ƙare, tafi ka canza. Rawar ɗari mai tsanani, harshe ya fara nauyi, yatsu su kasa ɗaura ƙulli: waɗannan alamu ne cewa sanyi ya shiga jiki. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka, domin yawancin kwazazzaban nan babu sabis ɗin waya.

Shi kuma kifin, idan iska tana ƙasa da sifili, jan naman da yake numfashi da shi da idanunsa na iya daskarewa cikin ɗan lokaci kaɗan a waje. Ka jawo shi da wuri, ka bar shi cikin ragar kwasar kifi a cikin ruwa, ka zare ƙugiyar da ɗan hantsaki. Kada ka kwantar da shi kan dusa don hoto, kada ka kama shi da busasshiyar safar hannu, tana goge santsin da ke kare fatarsa. Riƙe shi a ruwa mai laushi, kansa na fuskantar inda ruwa ke zuwa, har ka ji ya motsa wutsiya da ƙarfi ya zame daga hannunka. Sannan ka share hannu da tawul nan take ka mayar da shi cikin safa kafin ka sake jifa.